Bashin Ɗan'uwanka

Karanta Matta 18:21-35.

Wata rana Bitrus ya zo wurin Ubangijinmu da tambaya. Yana so ya san iyakar gafara: in ɗan'uwa ya yi ta yi masa laifi, a karo na nawa zai daina yafewa? Malaman Yahudawa su kan ce mutum ya yafe har sau 3, bayan wannan babu tilas a kansa. Bitrus ya ninka 3 ɗin, ya ƙara 1, ya kawo 7. Watakila yana jiran yabo ne. Amma Yesu ya ba shi wani lissafi dabam, watau 70 sau 7. A cikin waɗansu juyi na Littafi Mai Tsarki an rubuta 77. Kowane ɗan makaranta ya san 70 sau 7 ya zama 490. To, a ce wani ya sami takarda da fensir, yana rubuta laifofin maƙwabcinsa ɗaya ɗaya har ya kai 489, yana murna saura guda ya huta. Wannan mutum ko laifi na fari bai yafe ba, ajiya ce ya ke yi.

Wanda ya san Littafin Farawa zai tuna da Lamek, jikan jikokin Kayinu, a sura 4. Wannan mutum ya tara matansa biyu yana fahariya a gabansu cewa ya kashe wani saboda rauni da ya yi masa, kuma ramuwarsa za ta kai 77. Wannan ita ce dokar 'yan Adam tun daga can. Mu ma muna da ita a bakinmu, mu kan ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Yesu ya ɗauki lissafin Lamek ya juya shi. Yadda wancan ba shi da iyaka wajen ramuwa, haka mai bin Kristi ba shi da iyaka wajen yafewa.

Sa'an nan Ubangiji ya ba da misali. Wani sarki ya zauna lissafi da barorinsa. Aka kawo masa wani da ya ke bi talanti 10,000. Mu kan karanta wannan mu wuce, gama ba mu san kuɗin zamanin ba. Bari mu tsaya mu ƙirga. Dinari guda shi ne ladan ɗan ƙodago na yini ɗaya, kamar yadda mu ke gani a misalin ma'aikatan gonar inabi a Matta 20. Talanti guda kuwa dinari 6,000 ne. Ashe bashin baran nan dinari 60,000,000 ke nan. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara, bai ci ko anini daga ladansa ba, sai ya yi shekara 200,000 kafin ya biya. Yosifus, Bayahuden nan marubucin tarihi, ya ce dukan harajin Yahudiya da Samariya da Idumiya a zamanin Arkilayus ɗan Hirudus talanti 600 ne a shekara. Waɗanda suka saurari Yesu ran nan sun san babu mahalukin da zai iya biyan irin wannan bashi.

Duk da haka dubi abin da baran ya roƙa. Ya faɗi ƙasa ya nemi a ba shi lokaci, wai zai biya duka. Bai ma san girman ramin da ya faɗa ba. Haka mu ke da Allah. Mu kan ce, in na ƙara zuwa sujada, in na ƙara baiko, in na bar sha, zan rage abin da a ke bina. Sarki ya ji tausayinsa, ya ba shi abin da bai roƙa ba. Ya soke bashin ɗungum, ya sake shi.

A nan ne tushen maganarmu ya ke, ina roƙon mai karatu kada ya yi gaggawa. Da aka soke bashin, ina kuɗin suka tafi? Ba su dawo cikin baitulmali ba. Sarki ne ya yi hasararsu. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan. In ka ba mutum buhun gero bashi, kaka ta yi ya kasa biya, ka ce ka yafe masa, rumbunka ne ya ragu da buhu guda, iyalinka ne za su ji a tukunya. Babu gafarar da ba wanda ya biya. Wanda ya yafe shi ne ya biya. Saboda haka ne gafarar zunubanmu ta bi ta kan gicciye. Allah bai kau da kai ya ce ba kome ba. Ɗansa ya ɗauki hasarar a jikinsa. Manzo Bulus ya bi wannan gurbi sa'ad da ya mai da Onisimus, bawan da ya gudu, wurin ubangidansa Filimon. Ya rubuta da hannunsa cewa in akwai abin da a ke bin yaron, a ɗora a kansa shi Bulus.

Baran nan ya fita. Ko nisa bai yi daga ƙofar fada ba, sai ya gamu da abokin bautarsa wanda ya ke bi dinari 100. Masu wa'azi da yawa su kan ce wannan ɗan bashi ne na banza. Ni ban ce haka ba. Dinari 100 ladan kwana 100 ne, kusan aikin wata 4. Wane talaka ne zai yi hasarar guminsa na wata 4 bai ji zafi ba? Ubangijinmu bai raina abin da aka yi maka ba. Wanda ya ture iyakar gonarka ya cuce ka. Wadda ta ɓata sunan 'yarki har manemin aure ya janye ta cuce ki. Wanka da ya cinye gadon ubanku ya bar ku hannu wofi ya yi zalunci. Bashi ne na gaskiya. Sai an ajiye shi kusa da wancan ne ya ke zama ƙarami, gama wancan ya ninka shi sau 600,000.

Ya kama shi, ya shaƙe masa wuya. Abokin ya faɗi ƙasa ya yi roƙo, kusan da kalmomin da shi kansa ya yi roƙo da su ɗazu a gaban sarki. Bai ji muryar kansa a bakin ɗan'uwansa ba. Ya sa aka kulle shi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sun kuma ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

'Yan'uwa, ƙofar fadar nan ita ce ƙofar majami'armu. Ran Lahadi mu kan shiga, mu furta zunubanmu, mu ji albishirin gafara, mu raira waƙa. Da an tashi, a bakin ƙofa, ga mai dinari 100 yana tsaye. Sai mu kau da fuska kamar muna neman takalminmu. Akwai ekklesiyoyi inda mata biyu na zumunta ɗaya suka yi shekaru ba su gaisa ba saboda faɗan yara a bakin rijiya, yaran kuwa sun daɗe da shiryawa, har sun yi aure. Akwai dattawa biyu da ke zama a benci guda a gaba, suna ci daga faranti ɗaya a Jibin Ubangiji, amma in ɗaya ya kawo shawara a majalisa, ɗayan zai ƙi ta ko da mai kyau ce. A cikin misalin, sauran barori sun ga abin da ya faru, ransu ya ɓaci ƙwarai. Mu ma ana ganinmu. Maƙwabtanmu da ba su taɓa buɗe Linjila ba sun san wa ke gaba da wa a cikinmu, 'ya'yanmu kuwa sun fi kowa sani.

Ƙarshen misalin yana da ban tsoro, ba ni kuwa da iko in sassauta shi. Sarki ya kira baran, ya ce da shi mugu, ya miƙa shi ga masu azaba. Yesu ya ce haka Ubansa na sama zai yi da kowannenmu in bai yafe wa ɗan'uwansa daga zuciya ba. Da almajiransa ya ke magana, da Bitrus. Ku tuna kuma da addu'ar da ya koya mana a Matta 6. A cikin dukan roƙe-roƙen da ke ciki, guda ɗaya kaɗai ya koma ya yi bayani a kai bayan ya gama, shi ne na gafara. Kowace safiya da ka yi addu'ar nan kana roƙon Allah ya auna maka da mudun da ka auna wa masu yi maka laifi. Mai riƙo a zuci da ke yin wannan addu'a, da bakinsa ya ke kai ƙarar kansa.

Wani zai ce, ashe da yafewarmu mu ke sayen gafarar Allah? A'a. Duba yadda abin ya bi da bi. Sarki ne ya fara yafewa, tun baran bai yi wani abin kirki ba. Ceto kyauta ne ta wurin alheri. Amma abin da baran ya yi a bakin ƙofa ya nuna kyautar ba ta shiga zuciyarsa ba. Ya fita yana ganin kansa mai wayo da ya tsallake rijiya da baya. Bai ga kansa matsiyaci da aka ji tausayinsa ba. Mutumin da ya san da gaske abin da aka yafe masa, hannunsa ba ya da ƙarfin shaƙe wuyan kowa.

Yanzu bari mu duba waɗansu abubuwa da mu kan kira gafara, alhali kuwa jabu ne.

Akwai "ba kome." Mutum ya zo ba ka haƙuri, ka ce ba kome, ya wuce, don kana jin kunyar dattawan da suka rako shi. A ciki kuwa akwai kome da kome. Bayan shekara 5 wata 'yar magana ta haɗa ku, sai ka tono tsohon zancen da ranarsa da watansa. Kurar da aka ɗaure a bayan ɗaki ba ta mutu ba. Akwai kuma haƙuri irin na marar ƙarfi. Haƙuri abu ne mai kyau, yana cikin 'ya'yan Ruhu. Amma wani haƙurin jira ne kawai. Mutum ya yi shiru domin abokin gabansa ya fi shi ƙarfi yau, yana duban ranar da za ta juya.

Wanda ya fi yaɗuwa a cikinmu shi ne "na bar shi da Allah," ko "Allah ya isa." Maganar tana da kamar ta ibada. Gaskiya ne Romawa 12 ta hana mu ramuwa, ta ce mu bar wa Allah hukunci. Amma ka tambayi zuciyarka, sa'ad da ka ce ka bar shi da Allah, me ka ke fata Allah ya yi masa? In ka ji gobara ta cinye rumbunsa, ko ɗansa ya kwanta ciwo, wani daɗi ba ya ratsa ka? In haka ne, ba ka saki bashin ba. Ka ɗauki wakili ne wanda ya fi ka ƙarfi ya karɓo maka. Surar nan da ta hana ramuwa ita ce kuma ta umurce mu mu ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa, mu sa wa masu tsananta mana albarka. Istifanus ma ya bar masu jifansa da Allah, amma abin da ya roƙa musu shi ne kada a lissafta musu zunubin. A cikin waɗanda suka tsaya a wurin akwai wani saurayi mai tsaron tufafi, sunansa Shawulu.

Labarin da ya fi ba ni tsoro a kan wannan shi ne na Dawuda da Shimai. Sa'ad da Dawuda ke gudu daga Urushalima saboda tawayen ɗansa Absalom, Shimai, dangin Sarki Saul, ya bi shi yana zagi, yana jifa da duwatsu. Abishai ya so ya sare masa kai, Dawuda ya hana. Da aka ci yaƙi sarki yana komowa, Shimai ya tarye shi a bakin Urdun ya faɗi yana neman gafara. Dawuda ya rantse masa ba za a kashe shi ba. Kowa ya ga sarki mai jinƙai. Shekaru suka wuce. A kan gadon mutuwarsa, cikin wasiyyar da ya yi wa Sulemanu a 1 Sarakuna 2, sai ga sunan Shimai ya fito. Ya gaya wa ɗansa kada ya bar tsohon nan ya mutu cikin salama. Waɗansu sun ce don tsaron sarauta ne ya yi haka, watakila da gaskiyarsu. Amma abin da ya ambata wa Sulemanu shi ne zagin nan na ranar gudu. Wannan fa Dawuda ne, wanda aka yafe wa jinin Uriya. Ya cika rantsuwarsa da hannunsa, ya bar wa ɗansa ramuwar gado. Iyaye nawa ne a cikinmu suka bar wa 'ya'yansu gona da awaki, da kuma jerin gidajen da ba a shiga?

Gafara ta gaskiya sai mu dube ta wurin Yusufu. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a bakin azurfa 20. Yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Bayan shekara 7 na ƙoshi da 2 na yunwa ya bayyana musu kansa, watau shekara 22 ke nan da cin amanar. Yusufu bai taɓa cewa ba kome ba. Ya faɗa musu a fili su ne suka sayar da shi, daga baya kuma ya ce mugunta suka nufa, sai dai Allah ya juya ta zuwa alheri. Ya kira laifin da sunansa, sa'an nan ya sake shi. Kafin ya yi maganar ya fitar da Masarawa duka daga ɗakin, don kada ya kunyata 'yan'uwansa a gaban baƙi. Ya ba su ƙasar Goshen, ya ciyar da 'ya'yansu. Shekarun ƙuruciyarsa da ya yi a bauta da kurkuku, ba wanda ya mayar masa da su.

Ku lura kuma, Yusufu bai ba su amana nan da nan ba. Ya gwada su da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu, don ya ga ko za su sake yashe ɗan Rahila kamar dā. Sai da Yahuza ya miƙa kansa a madadin yaron tukuna. Wannan ya amsa wata tambaya da masu bi su kan yi. Gafara kyauta ce, a kan ba da ita ko ba a cancanta ba. Amana kuwa gini ce, tubali bisa tubali. In ma'ajin ekklesiya ya ci kuɗin baiko, ya tuba, wajibi ne mu yafe masa, mu karɓe shi a zumunta, mu daina nuna shi da baki. Ba wajibi ba ne mu mayar masa da mabuɗin akwati a makon nan. Yin haka ma jarraba ce a gare shi.

Haka kuma yafewarka ba ta rufe ɗakin shari'a. Romawa 13 ta ce mai mulki ma'aikacin Allah ne don hukunta mai mugunta. Kana iya yafe wa ɓarawo da zuciya ɗaya, ka kuma faɗi gaskiya in alƙali ya kira ka shaida, domin akwai waɗansu gidaje a garin ban da naka. Ina da magana a nan ga fastoci da dattawa. Sau da yawa mu kan ɗora dukan nauyin a kan wanda aka cuta, domin shi ne mai sauƙin lallashi. Mace ta zo da fuska a kumbure, mu ce, "Ki yi haƙuri, ki yafe, ki koma ɗakinki," mijin kuwa ko kiransa ba mu yi ba, don yana da baki a gari. Wannan ba koyarwar Yesu ba ce. A Luka 17 ya sa tsautawa da gafara a wuri ɗaya. Sura ɗin nan ta 18 da mu ke karantawa, kafin ta kai ga Bitrus, ta nuna yadda za a fuskanci mai laifi har a gaban ekklesiya. Makiyayin da ya ce wa tunkiya ta yafe, ya bar kura a garke, zai ba da lissafi.

Na san akwai masu karanta wannan da za su ce, "Malam, kana maganar iyakar gona da kuɗin baiko. Ni mijina aka yanka a gabana." Ba na faɗin abin da ke biye da sauƙin baki. 'Yan'uwanmu na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, sun sha wannan ƙoƙo. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilu 2014 'ya'yansu ne. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram suka kama hedkwatarsu a Kwarhi kusa da Mubi. A Janairu 2020 aka kashe fastonsu Lawan Andimi na Michika bayan an tsare shi. A Nijar kuma, a Janairu 2015, an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Wa zai ce wa waɗannan mutane bashinsu dinari 100 ne? Ba ni da bakin faɗa. Abin da zan iya kawai shi ne in nuna Wanda ya yi addu'a domin masu kashe shi tun ƙusoshi suna hannuwansa, tun ba wanda ya nemi gafararsa.

Zan kuma iya ba da labarin wani da ya bi hanyar a ƙasarmu. A rikicin 1992, wanda ya tashi a Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, James Wuye yana shugabantar samarin Krista masu faɗa. A cikin faɗan aka sare masa hannun dama. A ɗaya gefen akwai Muhammad Ashafa, shugaban samarin Musulmi, wanda aka kashe malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani da ya san su duka ya haɗa su a wurin wani taro, ya ce su yi magana. Suka fara aiki tare don sulhu. Amma Fasto Wuye da kansa ya sha faɗa a bainar jama'a cewa har shekara 3 bayan haka zuciyarsa ba ta saki ba. In tafiya ta haɗa su suka kwana ɗaki ɗaya, tunani ya kan zo masa ya danne fuskar abokinsa da matashi. A waje mai wa'azin salama ne, a ciki yana bin bashin hannunsa. Abin da ya karya shi, wani mai bishara ne ya gaya masa ba shi yiwuwa ya yi wa'azin Kristi da ƙiyayya a zuciya. Akwai kuma wani abu da ya kamata ya ba mu kunya mai amfani. Sa'ad da mahaifiyar Wuye ta kwanta a asibiti, Liman Ashafa ne ya zo dubiya. Shi ma wata huɗubar Juma'a a kan yafewa ce ta taɓa shi. Mu da mu ke cewa an yafe mana talanti 10,000, bai kamata a riga mu zuwa ba.

Mutanen nan biyu suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. Suna cikin waɗanda suka kawo yarjejeniyar zaman lafiya ta shugabannin addini a Kaduna a 2002, da ta Yelwa da Shendam a Jihar Filato a 2005, bayan kashe-kashen 2004. Ba wanda ya bar addininsa a cikinsu. Hannun Fasto Wuye kuwa bai tsiro ba, na roba aka sa masa. Shi ya ɗauki hasarar, mutanen waɗansu garuruwa suka ci ribar.

Shekara 3 ɗin nan ta'aziyya ce ga wanda ke kokawa. Kada ka ce tun da zafin bai tafi ba, ashe ban yafe ba. Yafewa ta kan fara da yanke shawara a gaban Allah: ba zan rama ba, ba zan yi ta baza zancen ba, ba zan gadar wa 'ya'yana ba, zan yi masa addu'ar alheri da sunansa. Zuciya ta kan biyo baya a hankali, kamar jaki mai kaya. Gobe abin zai taso, ka sake ajiye shi. Jibi ma haka. Ina tsammani a nan ne lissafin nan na 490 ya ke yi mana aiki, domin wani laifin guda ɗaya ne, amma sai ka yafe shi sau ɗari kafin ya kwanta. Wanda ya ga ba shi da ƙarfi, ya faɗa wa Ubangiji haka a fili. Manzanni ma da suka ji wannan umurni a Luka 17, abin da suka roƙa nan take shi ne a ƙara musu bangaskiya.

Saura tambaya guda, wa zai fara tafiya? A al'adarmu ƙarami ne ke zuwa wurin babba, mai laifi kuma wurin wanda ya yi wa laifi. Saboda haka kowa ya kan zauna a zaurensa yana jiran ɗayan, gama kowa a ganinsa shi aka cuta. Yesu ya toshe wannan hanya ta gaba da ta baya. A Matta 5, in kai ne ɗan'uwanka ke da magana a kanka, ka ajiye baikonka a gaban bagade ka tafi wurinsa tukuna. A Matta 18, in shi ne ya yi maka laifi, kai ne kuma za ka tafi. Ko ta wace fuska aka duba, takalminka ne za a sa.

In za ka tafi, ka tafi kai kaɗai da fari, kamar yadda aka umurta. Kada ka bi gida gida kana neman masu goyon baya da sunan neman addu'a. Ka zaɓi lokacin da ba mutane, bayan an dawo daga gona an ci abinci. Ka yi sallama, ku gaisa sosai, ka tambayi iyali. In kana da naka rabon laifi a cikin zancen, ko da kashi ɗaya ne cikin goma, fara da shi, kada kuwa ka haɗa shi da "amma." Sa'an nan ka faɗi abin da ya yi maka, a taƙaice, ba tare da tono na kakanni ba. Mai yiwuwa ne ya fashe da kuka. Mai yiwuwa ne kuma ya ce bai san zancen ba, ko ya tashi ya shige cikin gida ya bar ka a zaure. Manzo Bulus ya san da haka, shi ya sa ya ce mu yi zaman salama da kowa iyakar abin da ke hannunmu. In ya ƙi, sai ka koma da mutum ɗaya ko biyu masu riƙon asiri. In wanda ya cuce ka ya rasu, ko ba ka san fuskarsa ba, kamar yadda ya ke ga da yawa da suka gudo daga garuruwansu da dare, ka je wurin fasto ko wani amintaccen mai bi, ka faɗi abin da bakinka a gaban Allah, ku yi addu'a tare. In kuwa yana nan da rai a unguwarku ya ƙi ka, gobe da safe in kun gamu a hanyar rijiya, ka ce masa ina kwana.